Ladan Wa Cibiyoyin Al'adu Suke Ci?

Ranar Juma'a, 16 ga Janairun 2015, bayan an sauko daga masallaci, jama'a suka fito zanga-zanga a Damagaram saboda zanen ɓatanci da mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta yi wa Manzon Allah (SAW). Kafin rana ta faɗi an rasa rayuka, an ƙona majami'u, an kuma banka wa cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar wuta, har da ɗakin karatunta. Abin da ya fito da mutane kan titi a ranar ni ma ya ci mini rai. Sai dai duk lokacin da na tuna littattafan da suka zama toka, nakan tuna su wa ke karanta su: 'yan makarantar Damagaram masu shirin jarrabawar bakaloriya, da malamansu, da matasa masu koyon wasan kwaikwayo. Mutanen Faris ba su yi asarar ko shafi ɗaya ba.

Tun daga lokacin nake jujjuya wata tambaya. Shin daidai ne gwamnati ta ɗebi kuɗin masu biyan haraji ta ba wata ƙungiya mai zaman kanta, ta ce je ki buɗe mini gidan al'adu a ƙasar wasu? Kuma mu da ake buɗe wa gidan, riba muke ci ko tarko muke shiga?

Yadda ake ƙulla abin yana da muhimmanci, don a nan gardamar take. Ƙungiyar Alliance Française, wadda aka kafa a Faris a 1883, tana da rassa fiye da 800 a duniya, ciki har da na Kano, kuma kowane reshe ƙungiya ce da aka yi wa rajista bisa dokar ƙasar da take ciki, da kwamitin 'yan gari. Kuɗin koyon Faransanci ne ke riƙe mafi yawansu, gwamnatin Faransa kuma takan taimaka da tallafi ko ta turo darakta. British Council ta soma a 1934, a daidai lokacin da farfagandar Jamus da Italiya ke bunƙasa, ta sami takardar amincewar masarautar Ingila a 1940, kuma a doka ƙungiyar jinƙai ce da ke karɓar tallafi daga ma'aikatar harkokin waje. Goethe-Institut ta Jamus, ta 1951, ita ma ƙungiya ce mai rajista, da yarjejeniya rubutacciya tsakaninta da ma'aikatar harkokin wajen ƙasar: gwamnati ta ba da kaso mafi girma na kuɗi, cibiyar ta tsara aikinta da kanta. Jamusawa sun zaɓi haka da gangan. Sun ga abin da ya faru lokacin da Hitila ya mayar da al'ada baiwar gwamnati, suka ce ba za su sake ba.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi, kuma ni shaida ne a kan wani ɓangarenta. Ina ɗan sakandare wani yayana ya kai ni ɗakin karatun wata cibiyar al'adu ta Turawa. Ya biya mini kuɗin kati, wanda bai kai kuɗin takalmin makaranta ba. Na tuna sanyin ɗakin da ƙamshin takarda, da wata ma'aikaciya 'yar garinmu da ke buga hatimin ranar mayarwa a bayan littafi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, biyu za ka ɗauka, kuma kada ka naɗe mini kunnen shafi." Na ce, "To, Hajiya, in Allah ya so." A makarantarmu littafin kimiyya guda ɗaya ne tsakanin ɗalibai shida. A can kuwa na ga kanta guda cike da su, babu mai hana ni taɓawa. Ba a taɓa tambayata ra'ayina game da ƙasar da ta gina wurin ba, ba a taɓa ba ni wata takardar yabonta ba. Karatu kawai na yi na tafi.

Irin wannan ɗaki ba ya kawo riba, kuma shi ne ginshiƙin hujjar masu cewa a ba da tallafin. Ɗan kasuwa ba zai buɗe laburare a Damagaram ko Maraɗi ba, domin babu abin da zai tsinta. Idan gwamnati ta janye hannu, cibiyar ba ta mutuwa nan take, rikiɗa take yi. Dubi British Council: tallafin gwamnati bai wuce kusan kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta ba, mafi yawan sauran daga koyar da Ingilishi ne da shirya jarrabawa irin su IELTS. Da annobar korona ta rufe azuzuwa a 2020, sai kuɗi suka ƙafe, gwamnatin Birtaniya ta ba ta rancen kusan fam miliyan 200, a 2021 kuma aka sanar da rufewa ko rage aiki a ƙasashe 20. Ƙungiyar da ke bin bashi a wuyanta dole ta bi inda kuɗi yake. Tana buƙatar ɗan mai hali da zai biya kuɗin jarrabawa don neman biza fiye da yadda take buƙatar ɗan talaka mai aron littafi biyu. Duk wanda ya ce a bar cibiyoyin nan su ciyar da kansu, ya sani cewa yaron da nake a wancan lokaci shi ne na farko da za a rufe wa ƙofa.

Hujjarsu ta biyu ita ce dalilin da ya sa ake bi ta hannun ƙungiya maimakon ofishin jakadanci. Ofishin jakadanci yana da katanga da waya mai ƙaya da mai gadi da bindiga. Amurka ta ga haka da kanta: ta rushe hukumar watsa labaranta ta USIA a 1999, ɗakunan karatunta da dama suka rufe ko suka koma cikin harabar jakadanci inda talaka ba ya iya shiga, har daga baya ta koma haɗa gwiwa da laburaren gari tana buɗe ƙananan kusurwoyin da ake kira American Corner. Ƙungiya tana iya gayyatar marubucin da ke sukar gwamnatin da ke biyanta. Jakada ba zai iya ba. Kuma tarihinmu ya nuna cewa mai biyan kuɗin tafiya ba kullum yake mallakar bakin matafiyi ba. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, British Council ta gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma takwas zuwa Ingila, cikinsu da Nnamdi Azikiwe da Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo. An kai su ne don su ga ƙarfin Ingila su dawo su yaba. Azikiwe ya yi amfani da tafiyar ya miƙa takardar neman mulkin kai. Imam bai sa hannu a takardar ba, amma ya zauna da Lugga ya zayyana masa illolin mulkin En'e a Arewa, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Turawa sun biya kuɗin jirgi, baƙin kuma sun faɗi abin da ke ransu.

To, amma masu suka ba su rasa abin cewa ba, kuma maganarsu ta fi ta masu goyon baya zafi a kunnen ɗan Afirka. Suna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ganinsu sunan "ƙungiya mai zaman kanta" mayafi ne kawai, gwamnati ce a ciki.

Ba zargi ne na banza ba. A 1950 aka kafa wata ƙungiya a Berlin ta Yamma mai suna Congress for Cultural Freedom, wai don kare 'yancin fasaha. Kuɗinta ya shiga mujallar Black Orpheus da dandalin Mbari na Ibadan, inda su Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J. P. Clark suka yi tashe. Ya shiga mujallar Transition ta Kampala. Shi ya ɗauki nauyin taron marubutan Afirka a Makerere a 1962, taron da wani ɗalibi mai suna Ngugi ya miƙa wa Chinua Achebe rubutun littafinsa ya duba masa. Sai a 1966 da 1967 asiri ya tonu cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ita ke zuba kuɗin ta bayan gida, ta hannun gidauniyoyin bogi. Marubutan ba su sani ba. Aikin da suka yi na gaske ne, har yau ana karanta shi. Amma da gwamnatin Milton Obote ta kama Rajat Neogy, editan Transition, a 1968, wannan tabon ya zame wa maƙiyansa makami. Wanda ya ɓoye kuɗin yana Washinton cikin kwanciyar hankali, wanda ya amince da shi yana kurkuku.

Wani zai ce ai wancan zamanin yaƙin cacar baka ne, yanzu a fili ake ba da tallafi, yana rubuce cikin kasafin kuɗi. Haka ne, kuma bambancin babba ne. Sai dai kuɗin fili ma yana da igiya, sirara ce kawai. Wata ƙanwar abokina da ke jagorantar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta taɓa nuna mini fom ɗin neman tallafi daga wata cibiya ta ƙetare. Ita labarin da ke cin ranta shi ne na kakarta mai saƙar zane, da yadda sana'ar ta mutu a hannunta. Fom ɗin kuwa ya lissafa jigogin da za a tallafa a shekarar: tafiya Turai ta ɓarauniyar hanya, da tsattsauran ra'ayi. Ta ce mini, "Yaya, babu wanda ya hana ni rubuta labarin Kaka. Kuɗin haya ne kawai ba zai fito daga nan ba." Ta rubuta wasa a kan masu ratsa hamada. Wasan ya yi kyau, an yi tafi. Labarin kakar yana nan cikin littafin rubutu a ƙarƙashin katifa. Wannan ya fi damuna fiye da labarin CIA, domin babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya tilasta wa wani. Damuwar mai ba da kuɗi ce kawai ta zama jigon fasaharmu, a hankali, har muka soma ɗauka tamu ce.

'Yancin da ake ikirari ma yana da iyaka, kuma ana ganin iyakar ne idan magana ta taɓa inda gwamnati ke jin ciwo. A 2022 Goethe-Institut ta janye gayyatar da ta yi wa marubucin Falasɗinu Mohammed el-Kurd zuwa wani taro a Hamburg, wasu mahalarta suka ƙaurace don nuna rashin yarda. A Satumban 2023, bayan juyin mulkin Nijar, wani umarni daga hukumomin Faransa ya nemi gidajen al'adun da gwamnati ke tallafa wa su dakatar da aiki da masu fasaha daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Masu fasahar Faransa da kansu suka yi ca, gwamnati ta sassauta lafazi. Amma makaɗin da ke Yamai ya riga ya gane matsayinsa: sojoji sun yi juyin mulki ba da shawararsa ba, shi aka fara yanke wa hulɗa. A shekarar kuma Goethe-Institut ta sanar da rufe rassa tara, ciki har da na Bordo da Turin da Osaka da Washinton, don karkata kuɗi zuwa wuraren da siyasar Jamus ta fi buƙata yanzu, irin su gabashin Turai. Mai riƙe da lalita shi ke zaɓar garin da za a kunna fitila.

Akwai kuma maganar munafunci, wadda ba zan tsallake ba. Sin ta buɗe cibiyar Confucius ta farko a Seoul a 2004, tana da su a Jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka. Ƙasashen Yamma suka ce farfaganda ce. Suwidin ta rufe nata duka, a Amurka kusan 100 ɗin da ake da su suka ragu zuwa 'yan ƙalilan. A 2020 Sin ta ɗauke cibiyoyin daga hannun hukumar gwamnati ta Hanban ta damƙa wa wata gidauniya da ta ce mai zaman kanta ce, wato ta ari rigar da Turawa ke sawa. Ba a yarda da ita ba. Ni ina ganin akwai bambanci na gaskiya tsakanin ƙasar da 'yan jarida da majalisa za su iya tuhumar cibiyarta da ƙasar da ba a iyawa. Duk da haka, ɗan Kano da ke kallo daga gefe yana da haƙƙin ya tambaya: me ya sa naku ake kira musayar al'adu, na wasu kuma kutse?

Abin da ya fi nauyi a zuciyata cikin dukkan hujjojin masu suka shi ne wanda ake yawan mantawa: wa ke ɗaukar duka idan gwamnatoci suka ɓata? Rasha ta tilasta rufe ofisoshin British Council a Saint Petersburg da Yekaterinburg a 2008 saboda rikicinta da Birtaniya kan kisan wani mai suna Litvinenko, ta kore ta gaba ɗaya a 2018 bayan wani sabon rikicin kan gubar da aka sa wa wani mai suna Skripal. A Iran an kama Aras Amiri, ma'aikaciyar ƙungiyar, a 2018 lokacin da ta je ganin danginta, aka yanke mata shekara 10 bisa zargin leƙen asiri, sai daga baya aka wanke ta. A Kabul, 'yan Taliban sun kai wa harabar ƙungiyar hari a Agustan 2011, akasarin mamatan 'yan sandan ƙasar ne da masu gadi, kuma da birnin ya faɗi a 2021 malaman da suka yi mata aikin koyar da Ingilishi da dama an bar su suna ɓuya. A Wagadugu an farfasa cibiyar al'adun Faransa a Oktoban 2022. A Kano ma Goethe-Institut ta taɓa riƙe ƙaramin ofishi a Gidan Bi Minista, ta rufe shi a 2012 da tsaro ya taɓarɓare. Takardar rajista tana cewa ƙungiya mai zaman kanta, amma mai fushi tuta yake gani. Baƙo yana da fasfo da tikitin jirgi. Hajiya mai buga hatimi ba ta da inda za ta.

Da na auna duka biyun, ina tare da masu cewa a ba da tallafin, amma ba da murnar da suke yi ba. Dalilina shi ne na duba abin da zai maye gurbinsa. Idan ba kuɗin gwamnati ba, kuɗin kamfani ne, shi kuwa yana da nasa muradin kuma babu majalisar da ke tuhumarsa. Ko kuɗin jarrabawa, wanda ya riga ya nuna mana inda yake kai cibiya. Ko kuwa babu komai, ɗaki a kulle. Mu Hausawa mun daɗe da sanin zama da irin wannan baƙo. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, kuma har zuwa 2014 ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ce ke biyan kuɗin gidan rediyon na ƙetare. Kakanninmu sun san haka ko sun yi zato. Sun saurara, sun murɗa zuwa Jamus da Amurka da Moskow, sun gwada wannan da wancan a majalisar ƙofar gida, suka fitar da nasu hukuncin. Masu tsoron cewa ɗakin karatu zai wanke mana ƙwaƙwalwa sun raina mu fiye da yadda suke zato.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mana babu ruwan gwamnati. Akwai ruwanta, kuma a faɗa. A rubuta a bakin ƙofa wa ya biya, nawa ya biya, na shekara nawa. Tallafin da ake sabuntawa kowace shekara bisa jigon da minista ya zaɓa igiya ce a wuyan cibiya. Na shekaru masu yawa, wanda aka bar wa masu aikin su tsara, shi ne ke ba da sararin da za a iya tallafa wa labarin kaka mai saƙa. Ƙasar da ta ɗauki 'yan gari aiki da sunanta kuma, kare su ranar tsanani bashi ne a kanta, ba alfarma ba.

Sauran nauyin namu ne, kuma nan ne maganar ta fi yi mini ɗaci. Ɗakin karatun baƙo ya zama abin kewa ne saboda namu sun lalace. Da laburaren jiha yana da sabbin littattafai da wutar lantarki, da cibiyar Faransa ko ta Jamus ƙari ce kawai, in ta zo madalla, in ta tafi a sauka lafiya. Kayan aro ba ya rufe katara. Shi ya sa tsarin Alliance Française, duk da nasa raunin, ya fi kwanta mini: kwamitin 'yan gari, rajista a ƙasar, kuɗin shiga daga ɗaliban gari. Gidan da mutanen unguwa ke da hannun jari a ciki ya fi wuyar ƙonawa, ya kuma fi wuyar rufewa daga nesa da takarda ɗaya.

Yanzu ana gwada wannan magana a Yamai. Cibiyar al'adun Faransa da Nijar, wadda ta daɗe tana ɗauke da sunan Jean Rouch, mai shirya fim ɗin da ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Konni a 2004, ta fita daga hannun haɗin gwiwa bayan da Faransa ta kwashe sojojinta a Disamban 2023 ta kuma rufe ofishin jakadancinta. A Oktoban 2024 hukumomin Nijar suka sauya mata suna zuwa Moustapha Alassane, ɗan ƙasa, ɗaya daga cikin magabatan fim na Afirka. Sunan ya dace, na yi farin ciki da shi. Amma sauya allon ƙofa aikin yini ɗaya ne. Akwai albashin ma'aikatan laburare, da man janareta, da gyaran dandalin wasa, da sabbin littattafai kowace shekara, kuma yanzu baitulmalin Nijar ne zai biya. Ranar da wani matashi zai kawo wasan da ke sukar masu mulkin Yamai ya nemi a ba shi dandalin, darakta zai ɗaga waya ya tambayi ma'aikata ko kuwa zai buɗe masa ƙofa? Ina fatan ya buɗe, kuma ina fatan in kasance cikin 'yan kallo a daren.